Ranar Da Na Raka Baba Wang Bikin 'Yarsa

Akwai wani tsoho a ƙasar Sin da aka taɓa damƙa mini amanar ransa ta yini guda. Likita ta ce in ya sake kurɓar giya, jijiyoyin maƙogwaronsa na iya fashewa ya mutu, shi kuma ya kafe sai ya je bikin 'yarsa, inda giya ta fi ruwan sha yawa. Kafin in kai ga wannan rana, bari in faɗi yadda aka yi ni ɗan unguwar Soron Ɗinki a Kano na tsinci kaina a irin wannan aiki.

Ni dai karatun lafiyar al'umma na tafi yi. Haka ejan ɗin da ya haɗa mini takardu a wani bene da ke Ƙofar Kabuga ya faɗa, har da rantsuwa cewa da Turanci za a koyar, kuma garin cike yake da 'yan Kano. Da na sauka, ko ɗaya ban tarar ba. Garin yana can arewa inda sanyi ke tsaga leɓe, baƙar fata ni kaɗai ne a unguwar, karatu da Sinanci zalla, gurbin da aka samo mini kuwa a sashen masu jarabar shan giya yake, a wani asibitin koyarwa. Na kira ejan, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce in yi haƙuri yana cikin taro zai neme ni. Har yau taron bai tashi ba.

Na so in juyo gida, ba zan ɓoye ba. Ni nas ne, na yi shekaru ina aiki a Kano, jini da miki ba sa ba ni tsoro. Amma giya wani abu ne daban. Mahaifina turare yake sayarwa a Jakara, a cikin ƙamshi muka tashi, kuma tun muna makarantar allo aka cusa mana cewa mai zubawa da mai ɗauka duk sun shiga cikin laifin mai sha. Abin da ya hana ni komawa shi ne kunya. Duk layinmu sun taru sun yi mini addu'a, na ajiye aikina, Inna ta gama shaida wa dangi cewa Habibu ya tafi ƙaro ilimi. Na rasa da wace fuska zan sake shiga lungun nan da jakata a hannu.

Shekarar farko a koyon harshe ta tafi. Kullum cikin fargaba nake, don in na buɗe baki a kanti sai mai kanti ta kira maƙwabciyarta su taru su saurara. Na rame, wandunana suka yi mini yawa, saboda tsoron naman alade ya sa dafaffen ƙwai da burodi suka zama tuwona. Abin da ya fi damuna shi ne shirun asuba. A gida kafin ladanin masallacinmu ya sauke, na bayan layi ya ɗauka, har ka rasa wanda za ka amsa wa. A can sai waya ce ke tashina, in yi salla ni kaɗai ina jin ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Ranar da na yi tuntuɓe da wani shagon taliya na Musulmin ƙasar, mai shagon ya dube ni daga ƙarƙashin farar hularsa ya yi mini sallama, sai da na fake da yajin miyar na share hawaye.

Da harshe ya ɗan kama, aka tura ni asibiti wurin Dakta Lin, wadda za ta duba bincikena. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin magana, kuma ban taɓa ganin murmushinta kafin azahar ba. Ta yi mini bayanin aikin a tsaye. Ta ce kwaɗayin giya shi ke mayar da mutum ruwa bayan an sallame shi, amma ba a ganinsa a gwajin jini, ba a ganinsa a hoto, dole sai an tambayi mai shi. Tambayoyin da ake amfani da su a wata ƙasa aka tsara su, aka juyo su zuwa Sinanci, ita kuma so take ta gano ko suna kama gaskiya a bakin mutanenta.

Aikin kansa ba wuya a ido. Duk mako zan zauna da majinyaci in tambaye shi sau nawa tunanin giya ya zo masa, da wane ƙarfi ya zo, kuma da a ce akwai kwalba a ɗakin, yaya wahalar ƙyale ta za ta kasance. Sannan ya zaɓi lamba daga sifili zuwa goma, sifili babu kwaɗayi ko kaɗan, goma kuwa kamar ransa zai fita. Daga nan a maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna bugun zuciya, a shigo da ɗan mitsitsin kofi da farar giyarsu a ciki, ya shinshina ba tare da ya sha ba, in sake tambayarsa lamba. Giyar nan da dawa ake yin ta, dawar da muke tuwo da ita, abin da ya daɗe yana ba ni haushi.

Na tattara ɗan Sinancina na ce wa Dakta Lin ba zan iya zubawa ko ɗaukar kofin ba. Na ɗauka a ranar za ta kore ni. Sai ta ce wata nas za ta riƙa shigo da shi, ni nawa zama da kallo da rubutu. Duk da haka warin yakan bi ni har ɗaki, sai na ware jallabiya guda don salla, na rataye ta nesa da kayan aiki. Inna kuwa da ta tambaye ni a waya wane irin marasa lafiya nake dubawa, na ce masu ciwon hanta. Ban yi ƙarya ba, yawancinsu hantar ta taɓu.

Ba a daɗe ba na gane matsalar da ke hana Dakta Lin murmushi. Kowa ka tambaya, ɗaya ne ko biyu. Mutum hannunsa na rawa har ba ya iya riƙe alƙalami, amma zai dube ka ya ce ai shi ba ya kwaɗayinta, don abokai yake sha, ko don aiki. Ni abin bai zame mini baƙo ba. A gida ma za ka je duba mutumin da ko kansa ba ya iya ɗagawa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Bambancin kawai shi ne a gida addu'a za ka yi ka tashi, a nan kuwa dole in rubuta da sauƙin nan a matsayin sakamako.

A cikinsu ne na haɗu da Baba Wang. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa sun yi ɗorawa-ɗorawa, cikinsa ya ɗan taso. Aman jini ne ya kawo shi asibiti, aka sha wahala kafin a tsayar, daga nan aka miƙo shi sashenmu. Ranar farko yana lura da gwiwata tana kaɗawa don sanyi, sai kawai ya sunkuya ya ɗage ƙafar wandona. Da ya ga babu komai a ciki sai fatar ƙwauri, ya wanke ni tas, ya ce wace irin uwa ce za ta bar ɗanta ya zo nan babu wandon ciki na ulu. Mako na zagayowa 'yarsa Meyi ta zo dubiya da guda biyu a leda. Daga nan na fara ce masa Baba, na yi masa bayanin yadda muke kiran dattawa, ya ce ya karɓa. Shi kuma Habi yake ce mini.

Shi ya gyara mini harshe fiye da malaman aji, kuma shi ya ba ni labarin aikinsa. A wata masana'anta ya yi rayuwarsa, sunan aikin sayen kaya, amma ainihin aikin shi ne raka maigidansa cin abinci da abokan ciniki. A can ba a ƙulla ciniki sai an sha, kuma ƙin karɓar kofi cin fuska ne. Maigidan cikinsa ba ya ɗauka, don haka duk kofin da aka miƙo masa, Baba Wang ne ke shanyewa. Yana ba ni labarin yana dariya, har da alfahari, wai ba a taɓa kayar da shi a tebur ba. Da aka rufe masana'antar ciniki ya ƙare, shan bai ƙare ba.

A awo kuwa, lambarsa ɗaya ce kullum: biyu. Amma da zarar nas ta turo ƙofa da ɗan kofin nan, bugun zuciyarsa sai ya zabura a allon injin. Akwai ranar da Dakta Lin ta sa aka shigo da kofin babu komai a ciki, zuciyar ta yi tsalle kamar yadda ta saba. Ita Dakta ta sha yi mini faɗa a kan sunkuyar da kai da nake yi in ina tambayarsa. Na ce mata a garinmu ba a zuba wa babba ido. Ta ce to a nan aikinka ke nan, dubi maƙoshinsa. Na daure na duba, sai na ga yana haɗiyar yawu a jere, jijiyar wuyansa na harbawa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce masa, cikin ladabi, injin fa bai yarda da biyun nan ba. Ya zare abin daga yatsansa ya ajiye a hankali.

"Injin ba shi da 'yar da za ta yi aure, Habi," ya ce.

A nan na fahimci lissafinsa. Bikin Meyi ya matso, ita kaɗai ya haifa, kuma yana ganin in lambarsa ta yi sama ba za a bar shi ya fita ba. Dangi da surukai duk an ce musu ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Matarsa da Meyi kaɗai suka san sashen da yake.

Dakta Lin ta ce bai isa fita ba. Ta faɗa masa a gabana, ba kwana-kwana, cewa jijiyoyin da suka fashe ɗaure su kawai aka yi, kuma mutum irinsa ba ya tsayawa a kofi ɗaya. Ya ce in ba a ba shi izini ba zai sallami kansa, doka ba ta hana shi ba. Suka yi ta ja, ni ina raɓe a gefe kamar wanda ya shigo ɗakin da ba nasa ba. A ƙarshe ta ce zai je, amma da ɗan rakiya daga asibiti, kuma ya dawo kafin yamma. Baba Wang bai ko yi tunani ba ya nuna ni.

Dabararsa ta ba ni mamaki. A bikinsu, iyayen amarya da na ango sukan bi tebur-tebur suna ɗaga kofi da baƙi, kuma uban amarya ba shi da hanyar cewa a'a. In aka ga nas ɗan ƙasa a bayansa, asiri ya tonu. Amma in ya ce ga babban baƙonsa Musulmi daga Afirka, kuma don girmama baƙo yau shayi zai sha, ba mai ganin laifinsa, yabonsa ma za a yi. Dakta Lin ta juyo ta tambaye ni ko zan iya. Raina yana cewa a'a, bakina ya ce to. Ta ba ni sharuɗɗa: kada ya riƙe ɗan kofin nan ko da ruwa ne a ciki, kada in bar shi ya shiga banɗaki shi kaɗai, kuma in ya kurɓa ko ɗigo ne in kira ta nan take. Tun daga lokacin abinci ya daina shiga mini.

Da hantsi muka isa otal ɗin, don su da rana tsaka suke biki. Komai ja ne, ƙofa da labule da rigar amarya. Ana ta fasa abin wasan wuta mai ƙara a waje, hayaƙi ya turnuƙe. Muna shiga zauren warin nan ya doke ni, wanda na saba ji daga ɗan kofi guda, yau ga shi daga kwalabe a kan kowane tebur. Na ji hannun Baba Wang ya damƙi tsintsiyar hannuna. Mutane suka yi ta zuwa ɗaukar hoto da ni, ni kuma ina ta karkacewa don kada kwalba ta fito a gabana, ina tunanin ranar da hoton zai faɗa wayar wani ɗan unguwarmu. Meyi, Allah ya saka mata, ta sa an dafa mini kifi da shinkafa a tukunya daban, amma ko loma uku ban iya yi ba.

Aka gama jawabai, aka fara zagaye. Ango da amarya a gaba, iyaye a baya, ni kuma ina biye da butar shayi kamar bara. A tebur na farko Baba Wang ya ɗaga kofin shayinsa ya faɗi abin da ya shirya. Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka tafa, wani ma ya ajiye giyarsa ya ɗauki shayi don ya taya shi girmama ni. Haka aka yi a na biyu da na uku. Na fara sakin jiki kaɗan, har na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi. Sai dai gumi ya jiƙe masa wuyan riga, alhali ɗakin ba zafi, kuma shayin yana ta zuba a yatsunsa. Na matsa kusa da kunnensa na ce nawa. Ya ce biyu, bai ko dube ni ba.

Teburin da ke kusa da dandamali na manyan baƙi ne. Tun daga nesa na ga wani tsoho mai farin gashi fat yana dogara sanda yana miƙewa, sai Baba Wang ya rage tafiya, ya sake damƙe hannuna. Tsohon maigidansa ne. Shi ya ɗauke shi aiki yana saurayi, shi ya tsaya wa karatun Meyi lokacin da masana'anta ta rufe. Baba Wang ya maimaita zancen baƙo da shayi, amma muryarsa ta sauka ƙasa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya jingine sandarsa, ya ɗauki kwalba da kansa ya cika ɗan kofi. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce duk tsawon zamansu Wang ne ke sha dominsa, bai taɓa zuba masa da hannunsa ba, yau kuwa ba zai mutu da wannan nauyin ba.

Daga nan ya juyo gare ni. Ya ɗan rusuna, tsohon da ya yi jika da ni, ya yi magana a hankali don in gane.

"Baƙo mai daraja, ka yi mana izini. Guda ɗaya kawai."

Duk teburin aka zuba mini ido. Na san abin da ya kamata in ce, kalmar tana bakina, gajeriya ce ma. Amma ban taɓa kallon mai furfura a bainar jama'a na ce masa a'a ba. Jikina ya yi abin da aka koya masa a zauren gidanmu: na sunkuyar da kai na yi shiru. A Soron Ɗinki in yaro ya yi wa babba irin wannan shirun, babban ya san ba a so, sai ya janye maganarsa cikin mutunci. A can kuwa sunkuyawar nan izini ce. Tsohon ya yi mini godiya.

Na ji an saki hannuna. Ina ɗagowa na ga Baba Wang ya miƙa hannu biyu ya karɓi kofin. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya, irin sakin da ban taɓa gani a tare da shi ba, kamar matafiyin da ya hango ƙofar gidansu. Ya fara ɗaga shi zuwa baki. Ban san lokacin da na ajiye butar ba. Na dai ga hannuna ya fizge kofin, giyar ta ɗan fallatsa a yatsuna, sanyi ƙalau.

Sai tafi ya ɓarke. Na tsaya ina raba ido, ban san abin da ake wa murna ba. Wani ɗan'uwan ango da ke gefena ya raɗa mini cikin dariya cewa na burge, wanda ya karɓe kofi daga hannun wani ya ɗauke masa shan ke nan, yanzu sai in shanye. Na tambaye shi in na ajiye fa. Dariyarsa ta ɗauke, ya ce ajiye shi a cike daidai yake da marin wanda ya zuba. Teburan kusa suka fara buga cokula suna kiran in sha, wayoyi suka ɗago sama ta ko'ina.

A rayuwata ban taɓa shiga tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Abin da na yi ta gudun taɓawa tun zuwana ga shi a hannuna, ba zan sha ba, ba zan ajiye ba, in kuma na mayar wa mai shi na kashe shi. Innalillahi kawai nake maimaitawa a zuci, Sinancin ma ya gudu ya bar ni. Na dubi Baba Wang. Shi ya fi kowa a zauren nan sanin ramin da na faɗa, tunda aikin da ya yi ke nan har ya tsufa. Ya dubi kofin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni. Ya ɗaga hannu, buga cokulan ya tsaya.

"Ku ƙyale shi," ya ce. "Ba ya sha, kuma ba baƙona ba ne, ma'aikacin asibiti ne aka haɗo ni da shi. Ni ma ba ciwon ciki ne ya kwantar da ni ba. Mashayi ne ni, a sashen mashaya nake. Duk mako yana tambayata yadda nake son giya daga sifili zuwa goma, ina ce masa biyu. Tun da na shigo ɗakin nan goma ne. Maigida, ka yi haƙuri. In na sha wannan, ba zan tsaya ba sai an fitar da ni a kwance."

Uwar ango ta dubi mijinta, mijin ya dubi farantinsa. Matar Baba Wang ta rufe fuska da hannu. Tsohon maigidan ya laluba bayansa ya zauna a hankali, ba wanda ya tuna ya taimaka masa. Ni kuwa ina nan tsaye da kofi. Meyi ce ta ratso mutane da jar rigarta, ta karɓe shi daga hannuna da hannu biyu, ta rusuna wa tsohon, ta shanye. Ta yi ta tari, hawaye na wanke mata kwalliya, ban san ko na giyar ba ne ko na ubanta.

Ba mu jira an gama kawo abinci ba. Na tare tasi, muka shiga baya mu biyu. Ina ta goge yatsuna a jikin wando, shi kuma ya juya fuska ga taga. A raina murna nake, ba zan musa ba, don ga shi zan mayar da shi da ransa. Da muka yi nisa na ce masa na gode, kuma ya yi haƙuri. Sai da muka hango ginin asibiti ya juyo gare ni.

"Duk rayuwata ina shanye kofin wasu don kada kowa ya ji kunya," ya ce. "Kai ka zo yini ɗaya ka tsiraita ni a gaban surukan 'yata. Da ka buɗe baki ka ce a'a, da an ce baƙo ne bai san al'ada ba, a yi dariya a wuce."

Gaskiya ya faɗa.

Washegari ya nemi a canza masa mai awo, Dakta Lin ta ba shi wata nas. Ta gaya mini daga baya cewa amsoshinsa sun fara tafiya daidai da injin, takwas, bakwai, wani makon ya koma tara, kuma sai yanzu ta san irin maganin da za ta ɗora shi a kai. Ita abin ya yi mata daɗi. Ni kuwa in mun haɗu a baranda, sai ya juya yana karanta sanarwar da ke jikin bango har in wuce. Ranar da aka sallame shi ina aji, ban sani ba sai da na ga gadonsa da sabon zani.

Na ƙarasa bincikena a shekarar da ta biyo baya. Da tafiya gida ta matso, na bi mutane ina sallama ina neman afuwa, kamar yadda muke yi in za mu rabu da waɗanda muka zauna da su. Dakta Lin ta rasa gane laifin da nake neman a yafe mini, ta ce in je kawai. Mai shagon taliya ya gane, ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a. Saura mutum ɗaya, kuma shi ne ya tsaya mini a rai. Na aika wa Meyi saƙo na roƙi a ba ni dama in zo in gaishe shi.

Ita ta zo da kanta, ta same ni a ƙofar asibiti, da tsohon ciki. Ta ce surukanta sun daɗe suna yi mata wani gani-gani, amma mijinta ya tsaya mata. Tsohon maigidan bai sake kira ba. Babanta yana gida, ba ya zuwa taron kowa, ba a ma gayyatarsa, sai dai ya fita da safe ya zaga ya dawo. Na tambaye ta ko ta isar masa da roƙona. Ta ce ta isar, tana gyara jakar hannunta.

"Ya ce in gaya maka bai sha ba tun ranar," ta ce. "Ya ce kuma in gaya maka bai yafe ba."

Na ce ta shaida masa na ji, kuma ina roƙon Allah ya ba shi tsawon ran da zai daɗe yana fushi da ni. Haka na hau jirgin Kano ba tare da yafiyarsa ba.